Kasuwar giyar ƙananan kamfanoni a Amurka: cika ta yi, ko karyewa za ta yi?

Mai Walda:

Jama'a barkanmu da war haka. Shawara nake nema, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba, don maganar gumina ce na shekaru.

Walda nake yi a Kolombus, jihar Ohayo, ta ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake yin tankuna da bututun masana'antun abinci da shi. Tun 2016 kusan rabin aikina a ƙananan gidajen dafa giya nake samunsa, irin waɗanda 'yan ƙasar ke ce wa kiraf: mutum biyu ko uku su kama tsohon sito, su kafa tankuna, su dafa giyarsu su sayar a nan wurin. A shekarun farko har gudun waya nake yi. Akwai watan da na haɗa bututun gida uku, ina barin wannan da dare in wayi gari a wancan. Kowa sauri yake yi ya buɗe kafin maƙwabcinsa.

Yanzu ma ana kirana, sai dai aikin ya juya. Bara da bana na kwance gida biyar, na haɗa ɗaya. Na ƙarshen da na kwance shi ya fi tsaya min a rai, don ni na haɗa shi da hannuna a 2018. Na shiga na tarar 'yan gwanjo sun riga sun bi kowane tanki sun manna masa lamba. Allon da ke bayan kanta yana nan da sunayen giya goma sha biyu da aka rubuta da alli, ba wanda ya goge. Da na kwanta ƙarƙashin babban tanki zan yanke bututu sai na ga ɗinkin waldata, na gane shi kamar yadda mutum ke gane rubutunsa. Mai gidan yana tsaye yana riƙe min fitila, bai ce uffan ba har muka gama. Tankin da na san ya saya sama da dala dubu goma sha biyu, a gabana aka buga masa ƙararrawa a dubu uku da ɗari biyar.

To ga inda maganar take. Wani abokina Ba'amurke, wanda ya yi shekara shida yana dafa wa wani gida giya, kuma kowa ya shaida ya iya, yana so ya buɗe nasa. Hujjarsa ita ce yanzu ne lokaci, tunda kayan aiki sun yi arha kamar banza. Ya samu wani wuri da aka rufe, magudanar ruwa da wayoyin wuta duk suna nan. Yana so in zuba dala 35,000, in kuma yi aikin waldar kyauta, ya ba ni kashi 15 cikin ɗari. A takardarsa ya rubuta cewa a shekara ta biyu za su sayar da ganga 600. Kuɗin nan kuwa su ne muka tara ni da uwargida don kafin alƙalamin gida.

Rabin zuciyata na cewa faɗuwar wani tashin wani. Ɗaya rabin na tuna min da allon nan. A Ohayo kaɗai irin waɗannan gidaje sun haura 400. Shin kasuwar cika ta yi kawai, 'yan kaɗan su fita sauran su numfasa, ko kuwa rushewa ce ke tafe gaba ɗaya ni kuma zan sa kai a ƙarƙashin katangar?

Abu Hanan:

Malam, ni dai tunatarwa zan yi. In kai Musulmi ne, babu batun riba ko asara a nan, dukiyar giya ba a shigarta. Allah ya buɗa maka ta wata hanyar.

Mai Walda:

Na gode Malam, na kuma san don Allah ka faɗa. Ni Kirista ne, ko shan ma ban dame shi ba, sana'a ce ta kai ni cikinsu. Amin ga addu'arka.

Kawu Direba:

Ƙanina, bari in ba ka labari daga bayan mota, don shekara goma sha ɗaya na yi ina raba giya a Denba kafin gwiwa ta ce ta gaji.

Abin da da yawa ba su gane ba shi ne a ƙasar nan, tun da aka ɗage haramcin giya a 1933, an raba harkar hawa uku: mai dafawa, dillalin da ke sari ya raba, sai mai kanti ko mashaya. Wasu jihohi suna barin ƙaramin kamfani ya kai kayansa da kansa, amma duk wanda ke son shiga manyan kantuna sai ya bi ta hannun dillali. Mu ne na tsakiyar. Kuma mu muka fara ganin cikar kasuwar nan tun kafin jaridu su farga.

Lokacin da na fara, kayan da ke motata zan iya lissafa maka su da ka. Kafin in bari, takardar lodi ta zama kamar littafi. Kowane kamfani yana fito da sabuwar giya duk wata, da sabon gwangwani mai zane kamar rigar 'yan rawa. Amma firjin mai kanti ƙofa goma ne jiya, ƙofa goma ne yau. Bai ƙara ko taku ɗaya ba. Duk sabon da ya shiga, wani aka tura waje.

Ga kuma abin da ke kashe su a ɓoye: kwanan wata. Giyar nan mai ɗaci da suka fi yayi, IPA, ƙamshin hof ɗinta, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ba ya jimawa. Wata uku zuwa huɗu ta fara sanyi, masu shanta kuma sun iya juya gwangwani su duba gindi. Ranar Litinin aikina ke nan, in durƙusa gaban firji ina juya gwangwani ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsufa in kwashe. Akwai lungun da muke tara su a sito, mun sa masa suna maƙabarta. Wani lokaci sai ka ga falet guda, wato tulin katan-katan a kan katako, na kamfanin da ka san mai shi, ka san jinginar da gidansa ya yi ya sayi injin cika gwangwani.

Sannan a 2019 ruwan nan mai gas da barasa ya mamaye kasuwa, White Claw da 'yan'uwansa. A bazara ɗaya suka cinye ƙofa biyu zuwa uku na firji. Daga ina aka ɗebo wurin? Ai ba daga giyar manyan kamfanoni irin Bud Light ko Coors ba, waɗannan suna da masu tsaya musu. Daga ƙananan aka yanka. Shi ma yayin bai bar masu shi lafiya ba, don a 2021 kamfanin Boston Beer ya cika sito da irin nasa ruwan mai suna Truly yana zaton kasuwar za ta ci gaba da hawa, ƙarshe miliyoyin katan ya lalatar. Bayan shi sai ga barasar da aka riga aka haɗa a gwangwani. Kullum da sabon baƙo, gadon kuwa ɗaya ne.

Wani abu kuma da nake so ka ja kunnen abokinka a kai: a jihohi da dama, in ka sa hannu da dillali, rabuwa da shi ta fi rabuwar aure wuya. Doka ta fi kare dillalin. A wurin da na yi aiki na ga an karɓi ƙaramin kamfani, ba don ana son sayar masa ba, sai don kada abokin gaba ya ɗauke shi. Kayansa suna jibge a lungu, ba mai tallata su, shi kuma ba damar ya tafi. Mutumin yakan zo da kansa ranar Juma'a yana leƙen sito. Kunyar haɗa ido da shi nake ji.

Saboda haka in ka ji abokinka ya ambaci gwangwani, kanti, ko "za mu shiga jihohi uku", ɗaure bakin jakarka ka yi gida. Wannan ɓangaren ba cika kawai ya yi ba, ya tumbatsa. In kuwa a wurinsa zai sayar a kofi, wannan wata magana ce, na bar wa masu lissafi.

Anti Mai Lissafi:

Kawu ya miƙo min, to bari in karɓa. Ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafi, cikinsu akwai gidajen giya biyu da gidajen abinci da yawa, don haka abin da zan faɗa daga takarda ne.

Da farko kalmar "karyewa". Ƙungiyar masu wannan sana'a, Brewers Association da ke Bolda a Kolorado, ta ce a 2024 gidajen da aka rufe sun fi waɗanda aka buɗe yawa, karo na farko tun 2005. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ake ta kururuwa. Amma waɗanda aka rufe ɗin 'yan ɗaruruwa ne a cikin sama da 9,000, wato wajen biyar cikin ɗari. Je ka tambayi masu gidajen abinci ko wannan adadin zai hana su barci. Abin da ya faru shi ne an yi shekara goma ana buɗewa kusan ba a rufewa, har mutane suka ɗauka haka duniya take. Har yanzu giyar ƙananan kamfanoni tana riƙe da wajen kashi 13 cikin ɗari na giyar da ake sha a ƙasar, in kuma ta kuɗi za a auna, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kasuwar da ke haka ba ta mutu ba. Ta daina girma ne, har ta ɗan fara ja da baya, bakunan da ke ci a cikinta kuwa sun ninka.

Inda aka yi karyewa ta gaske shi ne a farashin kamfanonin kansu. A 2015 babban kamfanin Constellation Brands ya sayi gidan giyar Ballast Point na San Diyego dala biliyan ɗaya. Shekara huɗu kacal ya sayar da shi ga wani ɗan ƙaramin kamfani na Ilinoi da yawancin mutane ba su taɓa jin sunansa ba. A nan jiharku, babban kamfanin Anheuser-Busch ya sayi gidan giyar Platform na Kilibland a 2019, ya rufe shi a 2023. A shekarar dai ya tattara sunayen kayansa takwas ya sayar wa kamfanin Tilray dala miliyan 85 gaba ɗayansu. Me ya sa wannan ya shafe ka? Saboda da can mai zuba jari yana da mafarkin wata rana babban kamfani zai zo ya saye su ya fita da riba. Wannan ƙofar ta rufe. Kashi 15 ɗinka ba wanda zai saya sai abokinka, a farashin da ya ga dama, ranar da yake da kuɗi.

Yanzu ga lissafin kofi. Gangar giya a nan galan 31 ce. Duron da ake kai wa mashaya rabin ganga ne, kofi 124 a takarda, amma bayan kumfa da ɗanɗano da abin da ke zubewa, ka ƙaddara 110. In ka sayar a wurinka dala bakwai kofi, duro ɗaya ya ba ka 770. Duron nan dai in dillali ya ɗauka, da wuya ka ga ɗari da hamsin. Ka ga dalilin da ya sa mai sayarwa a gidansa yake rayuwa da 'yar giya kaɗan, na tsakiya kuwa, wanda ya ci bashi ya girma don ya cika kantuna, shi ke faɗuwa.

To ɗauki ganga 600 ɗin abokinka. Kofi 220 a ganga, ya zama 132,000 a shekara. Raba da mako 52, wajen 2,500 a mako. In suna buɗewa kwana biyar, kofi 500 a rana. Mutum ɗaya ya sha biyu: mutum 250 ke nan kullum, har da Laraba, har da watan Fabrairu da dusar ƙanƙara ta rufe titi. Wurin kujera nawa ne? Motoci nawa filin ajiye mota ke ɗauka? Kada ka tambaye shi, je ka ƙirga.

Maganar arhar tanki kuma, yi haƙuri, a nan ne abokinka ya fi ruɗar kansa. Tanki sau ɗaya ake saya. Haya, albashi, inshora, wuta da gas, sha'ir da hof, waɗannan duk wata suke ƙwanƙwasa ƙofa. Tun 2022 sha'ir ya tashi bayan yaƙin Yukiren, iskar gas ɗin da ake sa wa giya ta yi ƙaranci a bazarar shekarar, kuɗin ruwa ya tashi daga kusan sifili ya haura biyar cikin ɗari. Kamfanin Ball mai yin gwangwani ya ce ƙaramin odar gwangwani mai zane sai tirela biyar, kusan miliyan guda, abin da ya tura ƙanana hannun 'yan tsakiya. A Yunin 2025 harajin shigo da alminiyom ya kai kashi 50. Wanda aka yi gwanjon tankinsa a gabanka, ba tsadar tanki ta rufe shi ba.

Ni a wurina abin da abokinka zai buɗe mashaya ce da ke da madafa a bayanta. Iya dafa giya sharaɗi ne, amma ba shi ke cika kujeru ba. Wa zai tsaya a gaba? Akwai abinci? Mai yara zai iya zuwa da rana? Wa ya taɓa riƙe ma'aikata goma a cikinku?

Kafin ka ba da ko sisi, nemi takardar hayar ka karanta da kanka. Ka duba shekara nawa ce, nawa take ƙaruwa duk shekara, sannan ka nemi wurin da aka ce masu kamfani sun tsaya da dukiyarsu ta kansu. In sunanka ya shiga wannan layin, ba 35,000 kaɗai ka sa a faranti ba, har albashinka na gaba. Kuma ka sa a rubuta kuɗin waldarka a matsayin jari. Aikin kyauta ba ya fitowa a littafi, ranar rabo kuwa littafi ake buɗewa.

Baba Na Fotlan:

'Yata Mai Lissafi ta yi magana, ba abin da zan cire. Zan dai ƙara da abin da tsufa ya nuna min, don wannan kukan na taɓa jin sa.

Na zo Oregon a 1989. A 1995 kamfanonin nan suka fara shiga kasuwar hannun jari: Boston Beer, Redhook, Pete's, duk a shekara ɗaya. Kowa ya haukace. Likitoci da lauyoyi da ba su san yadda ake wanke tanki ba suka riƙa buɗe gidan giya. Ni ma na sayi hannun jarin ɗaya daga cikin na wancan zamani, ba zan faɗi wanne ba don har yau uwar 'ya'yana tana min gori. Daga 1997 abin ya tsaya cik. Aka yi ta rufewa, tankuna suka cika filin gwanjo kamar yadda kake gani yanzu, jaridu suka ce yayi ne ya wuce. Pete's Wicked Ale da ke na biyu a girma cikin ƙananan a lokacin, yau ko sunanta yara ba su sani ba.

Amma me ya biyo baya? Waɗanda suka buɗe a farkon shekarun 2000 da tankunan gwanjon nan ne suka fara, cikin arha, ba bashi mai nauyi. Da kasuwa ta sake tashi wajen 2010 su ne a gaba. Don haka abokinka ba mahaukaci ba ne, akwai tarihi a bayan maganarsa.

Ka kuma duba doguwar tafiyar. A 1873 akwai gidajen dafa giya 4,131 a ƙasar nan. Haramci da haɗiyar manyan kamfanoni suka mayar da su ƙasa da ɗari a ƙarshen shekarun 1970. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafawa a gida a 1978, Ken Grossman ya kafa Sierra Nevada a 1980 da tarkacen kayan kamfanonin madara da ya yi wa walda da hannunsa, ka ji ɗan'uwanka a sana'a. Sai a 2015 aka sake kamo adadin 1873, alhali jama'ar ƙasar sun ninka sau bakwai ko fi. Ko an rufe dubu biyu a shekaru masu zuwa, ba za a koma zamanin giya iri uku ba. Bakin mutane ya riga ya buɗe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Anchor ta San Faransisko. Tun 1896 take, ta tsallake girgizar ƙasa ta 1906, ta tsallake haramci, Fritz Maytag ya cece ta a 1965, ita ce uwar duk wannan harka. Sapporo na Japan ya saye ta a 2017, ya rufe ta a 2023. Ta yi wa unguwa girma, ta yi wa ƙasa ƙanƙanta. Daga baya mai kamfanin yogot na Chobani ya saye ta. Wanda ya tsaya a unguwarsa, ya san sunan masu shigowa, bai ci bashin faɗaɗawa ba, irinsu na ga sun wuce 1997 lafiya.

Ƴar Auta:

Baba, a gafarce ni, ina ganin akwai bambanci da zamaninku. A 1997 matasa suna tasowa suna shan giya, abin da ya rage kawai a koya musu mai daɗi. Mu kuwa fa? Shekarata 26, cikin ƙawayena da abokan aikina waɗanda ke sha a kai a kai ba su kai rabi ba, masu shan ma ba giya suka fi so ba. Binciken Gallup na 2025 ya nuna kashi 54 cikin ɗari na manya ne suka ce suna shan barasa, mafi ƙanƙanta tun da suka fara tambayar a 1939. Tun 2022 barasa mai ƙarfi ta wuce giya a kuɗin shiga. Jihohi da yawa sun halatta wiwi, har da Ohayo a 2023. Kuma ku duba wanda ke girma a cikinsu: Athletic, da aka kafa a Konetikat a 2017, giyar da ba ta bugarwa yake yi, ga shi ya shiga sahun goma na farko. Waɗanda suka cika gidajen nan a 2014 yanzu suna da yara biyu da likita mai ce musu su rage. Ban ce za a rushe ba, amma ban ga daga inda sabon cincirindon zai fito ba.

Baba Na Fotlan:

Kin kama ni a nan, 'yata. Wancan karon rijiyar tana ƙaruwa, masu guga ne suka yi yawa. Wannan karon ruwan kansa yana ja. Na karɓa. Sai dai ko a hakan, mutum zai so wurin da zai zauna da maƙwabcinsa da yamma, ko me aka zuba masa a kofin.

Mai Walda:

Na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana tara. Kawu, Anti, Baba, ƙanwata, Allah ya saka.

Anti, na bi maganarki. Ranar Talata da ƙarfe shida na je wani gidan giya da ke titi ɗaya da wurin da abokina ke so, na sayi lemo na zauna a lungu har tara. Mutum 31 suka shigo, har da wasu biyu da ruwa kawai suka sha suna jiran abinci daga motar da ke waje. Na koma ranar Asabar, wurin ya cika maƙil, na daina ƙirga a 180. Wato kwana ɗaya ke ɗauke da mako. Wurin abokina kujera 64 ne, filin mota 19.

Takardar hayar shekara bakwai ce, tana ƙaruwa duk shekara, kuma layin da kika ce yana nan a shafi na goma sha ɗaya: duk mai kashi 10 zuwa sama sai ya tsaya da dukiyarsa. Abokina bai ɓoye min ba, shi ma bai kai shafin ba. Da na nuna masa lissafin mutum 250 ya yi shiru, can ya ce ai rabin gangunan gwangwani za a cika a kai kantuna. Kawu, sai na ji kamar kana tsaye a bayana.

Na ce masa kuɗin gida ba za su shiga ba. Waldar zan yi masa, rabin kuɗin ya biya ni yanzu, rabin a rubuta bashi ya biya cikin shekara biyu, ba na son kaso. Ransa bai so ba, kwana uku bai ɗaga wayata ba. Jiya ya kira ya ce yana duba wani wuri ƙarami, da tukunyar ganga uku maimakon bakwai, kuma yana magana da wata mai gidan abinci su raba haya.

Tankuna biyu dai na saya a gwanjon makon jiya da kuɗin aljihuna, dubu biyu da ɗari takwas kowanne. Wani mai haɗa kofi mai sanyi a kwalba yana son ɗaya in na canza masa bututun ƙasa. Ɗayan yana gareji, uwargida ta ba ni zuwa ƙarshen wata in fitar mata da shi. Anti, bashin waldar nan, akwai yadda zan rubuta shi ya zama tankunansa ne jingina, ko sai na nemi lauya?